Digiri na biyu kan fasaha da rayuwar jama'a: gida, Zariya ko Ingila?

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Sana'ar masu POS ta tsaya cik, mutane suka riƙa tsallakawa jihohin maƙwabta don kiran waya. Mai son nazarin abin da hakan ya jawo wa kasuwar Gusau sai ya san tattalin arziki, ya san zamantakewa, ya kuma fahimci yadda sadarwar ke aiki. Sashe ɗaya ba ya koyar da duka ukun, shi ya sa zaɓen jami'ar da ɗan Kebbi ko Zamfara zai yi digiri na biyu ke buƙatar natsuwa.

Idan manufofin gwamnati kan fasaha ne a ranka, Jami'ar Sussex a Ingila tana da cibiyar SPRU, wadda Christopher Freeman ya kafa a 1966 don wannan aikin kaɗai. Masanin tattalin arziki da injiniya kan zauna aji ɗaya, karatun kuma shekara guda ne. Kuɗin da fam ake biya, sai in ka dace da tallafin karatu irin na Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke neman aƙalla shekara biyu ta aiki. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin lokaci: watannin rubuta kundi ba su isa ka zauna da manoman Argungu har su saki jiki da kai ba.

Zariya ta fi dacewa da mai bincike kan noma. A Samaru akwai cibiyoyin IAR (ta binciken noma) da NAERLS (ta wayar da kan manoma) na Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka daɗe ana haɗa lissafin gona da nazarin zaman karkara. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ta fi kusa da Kebbi da Zamfara, kuma malamanta sun san fadamomin Rima. Ka dai tuna yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas.

Na gida, wato jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, da aka kafa a 2013, da ta kimiyya da fasaha a Aliero, ƙuruciya gare su, amma filin bincike yana ƙofar gidansu. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a 2015, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 manoman rani ke komawa famfo mai aiki da hasken rana. Wa ke iya sayensa, wa ya koma haya, ina matan da ke turara shinkafa suka tsaya? Ni nan zan zaɓa idan aljihu bai da nauyi, da sharaɗi guda: kafin ka sayi fom, ka je sashen da ƙafarka, ka tambaya ko za su yarda malami na biyu daga wani sashe ya duba kundinka. In sun ƙi, ka nufi Sakkwato.