Waya, sarƙa ko ƙarfen U: wanne zai tsare keke a Legas?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka sayi keken hawa na hannu, kana zuwa aiki da shi daga Agege zuwa Ikeja, tunda an hana acaɓa a can tun watan Yunin 2022, kuma mai shago ya baje maka makulli iri uku: na waya, na sarƙa, da wanda aka lanƙwasa kamar harafin U, ka rasa na ɗauka. Allah ya sanya albarka a abin hawa. Duka ukun sun bi ta hannuna, ɗaya ma da asara na san shi.

Na waya shi ne mai kyan gani. Ba nauyi, ba tsada, yana naɗuwa a ƙarƙashin sirdi, wani har da lambobi maimakon mabuɗi. Amma ka dubi bakinsa da kyau: kaurin nan duk roba ne, abin da ke ciki siraran wayoyi ne da aka tufka kamar igiya. Da shi na ɗaure kekena na farko a ƙofar wani masallaci, na shiga la'asar. Ko da aka sallame na fito, wayar kawai na tarar a ƙasa, an datse ta tsaf kamar an sari rake, makullin kuwa yana nan a kulle, ko taɓa shi ba a yi ba. Raka'a huɗu ce fa. Na tsinci wayar na tsaya riƙe da ita, mutane suna ta yi mini jaje. Don Allah kada ka dogara da ita. Iyakar amfaninta ta riƙe tayar gaba ko sirdi, bayan an ɗaure keken da abu mai ƙarfi. Haka shi ma ɗan makullin tayar baya irin na tsofaffin kekunan iyayenmu: taya yake hanawa juyawa, ba ya hana a saɓa keken a kafaɗa a jefa cikin motar haya ta danfo.

Gardamar gaskiya tsakanin ƙarfen U ne da sarƙa.

Ƙarfen U, in ka auna ƙarfinsa da nauyinsa, ya fi sarƙa. Mai kyau yakan yi kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma yana shiga jaka. Abin dubawa shi ne kaurin ƙarfen. Wanda bai kai milimita 13 ba, babban almakashin yankan rodi yana cin sa. Daga milimita 16 zuwa sama kuwa ya fi ƙarfin almakashin hannu. Ka kuma nemi wanda ke kama ƙafafunsa biyu, don sai an yanka shi sau biyu kafin ya saki. Rauninsa shi ne fili: in ka bar sarari a cikinsa, ɓarawo yana zura ƙarfe ko ƙaramin jak ya banƙare shi, shi ya sa ƙarami da ya cika dam ya fi babba.

To, amma an ƙera shi ne don garuruwan da aka kafa ƙarafan ɗaure keke a bakin titi, irin na Turai da Amurka. Mu a nan me muke da shi? Falwayar siminti mai kauri, bishiya, ginshiƙin rumfa, ƙarfen get. Ƙarfen U ba zai zagaye falwaya ba ko kusa. Na sha yawo a Oshodi da Mile 12 ina neman abin da zai shiga, daga ƙarshe in kulle taya da jikin keken kawai in jingine shi, raina na kansa.

Nan sarƙa ta yi masa zarra. Mita ɗaya ta isa ta zagaye kusan duk abin da ka samu. Sai dai nauyi: sarƙa mai kaurin milimita 10 ta wannan tsawon ta haura kilo biyu, in ka ɗora ta a kariyar bayan keke za ka ji ta a ƙafarka wajen hawan gada. Kuma ba kowace sarƙa ce sarƙa ba. Wadda ake auna wa mutum a shagon kayan gini don ɗaure janareta yawanci ƙarfe ne mai laushi. Kai kana neman wadda aka gasa ta yi tauri, sau da yawa zobbanta ba zagayayyu ba ne, masu kusurwa huɗu ne ko shida, don bakin almakashi ya rasa makama. Ga gwajin da wani mai walda ya koya mini: ka goga magagari a zobe ɗaya. In ya ci har ka ga gari yana zuba, ajiye ta. In ya zame yana ƙara kawai, ita ce.

Sannan kwaɗo. Mutum ya kashe kuɗi a sarƙa, ya zo ya rataya mata ɗan kwaɗon akwati, alhali ɓarawo inda ya fi rauni yake nufa. Ka sayi kwaɗon da jikinsa ya rufe maratayinsa, yadda ba inda almakashi zai kama, kaurinsa kuma ya yi daidai da na sarƙar.

Game da suna, Abus na Jamus da Kryptonite na Amurka su ne sanannu. A kwalin na kirki za ka ga tambarin Sold Secure, masu gwada makullai a Ingila, da matakansu huɗu: Bronze, Silver, Gold, Diamond, ko taurarin ART, masu irin wannan gwaji a Holan, daga ɗaya zuwa biyar. Ga keken da zai wuni a waje, ni ba zan sauka ƙasa da Gold ba. Jabu yana da yawa, don haka ka ɗaga ka ji nauyi, ka murɗa mabuɗin sau da dama. In kuma a kayan tokumbo, wato gwanjo, ka ga tsohon ƙarfen U mai zagayayyen ramin mabuɗi, wuce shi: a 2004 labari ya bazu cewa ana buɗe irinsa da bututun biron Bic, har Kryptonite ta canza wa mutane nasu kyauta.

Da sarƙar da ƙarfen U, dukansu biyu injin yankan ƙarfe mai batir yana gama da su. Abin da kake saye jinkiri ne da ƙara da tartsatsin da za su jawo ido, saboda haka ka ɗaure a gaban jama'a, kusa da mai shayi ko maigadin da kuke gaisawa.

In ɗaya za ka saya, ni sarƙa gasasshiya ta milimita 10 da kwaɗo mai kyau na zaɓa maka, saboda yanayin garinmu. In a wurin aikinku akwai siririn ƙarfe da aka dasa a siminti, to sayi ƙarfen U don hanya, ka bar sarƙar a gida don dare, domin gidan haya mai yawan shige da fice ba wurin sakin jiki ba ne. Ko wanne ne, ka ratsa shi ta jikin keken da tayar baya tare, ka ɗame shi, kada ya kwanta a ƙasa inda za a samu wurin dukansa da guduma. Damina da iskar teku suna sa tsatsa da wuri a nan, don haka duk wata ka ɗiga ɗan mai a ramin mabuɗin, mabuɗi na biyu kuma ka ba wani amintacce ya ajiye maka.