Hspec ko Tasty: wanne za ka ɗauka wajen raba gwaje-gwajen Haskell rukuni-rukuni?

Ɗan'uwa, ka ce gwaje-gwajenka sun cunkushe a fayil ɗaya har ba ka gane kansu, kana tambaya ko Hspec ya fi ko Tasty, kayan aiki biyu na gwada manhajar da aka rubuta da yaren Haskell. Duka biyun za su fisshe ka, sai dai kowanne da hanyarsa.

Hspec daga RSpec na yaren Ruby ya aro salonsa. Da describe kake buɗe rukuni, kowane gwaji kuma ka rubuta shi da it, sakamakon ya fito kamar jimlolin da mutum zai karanta. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne hspec-discover: layi ɗaya za ka sa a Spec.hs, shi kuma ya bi ya tattaro duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da Spec.hs, muddin akwai spec a ciki. Ba za ka rubuta sabon rukuni ka manta haɗa shi ba, ya zauna ba ya gudana kai kuwa hankalinka kwance.

Tasty bishiya yake ginawa. testGroup yana karɓar suna da jerin gwaje-gwaje ya dawo maka da TestTree, kuma tunda jeri ne irin na kullum, da map kaɗai za ka samar da gwaje-gwaje masu yawa daga teburin misalai. Ƙarfinsa yana wajen haɗa iri daban-daban a inuwa ɗaya: testCase na tasty-hunit, testProperty na tasty-quickcheck, da tasty-golden mai gwada abin da manhaja ta fitar da fayil ɗin da aka adana. Rukunan kuwa da hannu kake jera su, sai in ka ƙara tasty-discover.

Ga inda nake so ka kula sosai. Idan ka gina shirin gwajin da zaɓin -threaded kuma ka gudanar da shi da +RTS -N, Tasty yana gudanar da gwaje-gwaje da yawa a lokaci guda, Hspec kuwa ɗaya bayan ɗaya yake bi sai ka sa parallel da kanka. Gwaje-gwaje biyu masu rubutu a fayil ɗaya ko rumbun bayanai ɗaya za su iya yin karo a Tasty, yau su wuce gobe su faɗi. Maganinsa a tsara su da after, mai sa wani gwaji ya jira wani, ko a gudanar da -j1, wato ɗaya bayan ɗaya.

Da ni ne, tunda matsalarka tsari ce, Hspec zan ɗauka, kowane modul da fayil ɗin gwajinsa: Parser.hs da ParserSpec.hs. Ranar da ka buƙaci Tasty, tasty-hspec zai ɗauke maka gwaje-gwajen Hspec ɗin zuwa cikinsa ba tare da ka sake rubutawa ba.