Oska, Fulawahon, Furontoza ko Karfasar Kogi: Wanne Ya Dace da Falo a Yamai?

Mai son ajiye babban kifi a akwatin gilashi a Yamai, kafin ya tambayi kuɗin kifin, ya fara tambayar kansa yadda ɗakinsa yake a watan Afrilu da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40, an kuma ɗauke wuta. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, babban kifi kuwa shi ne farkon wanda zai taso saman ruwa yana haki. Da wannan ma'aunin nake auna kifayen nan huɗu, duk 'yan dangi ɗaya da ake kira sikilid.

Oska shi ne ya fi jan ido. Asalinsa kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka. Ana sayar da shi bai fi tsawon yatsa ba, shi ya sa mutane ke ruɗuwa su saka shi a akwatin lita 80. Cikin shekara guda sai ya cika wurin, don yakan kai santimita 30 ko fiye, ya kuma rayu shekara 10 zuwa sama. Guda ɗaya tak yana son lita 300. Yana gane mai ba shi abinci, yana tone yashi, yana tumɓuke duk shukar da aka dasa masa, ga shi da ci da yawan ƙazanta. In aka yi sakaci da canjin ruwa, wani ciwo kan fito masa, ƙananan ramuka a ka. Ruwan da ya fi so digiri 24 zuwa 28 ne. Yakan jure 30 in ana kaɗa masa iska sosai.

Fulawahon, mai ƙullutu a goshi, ba a kogi ya samo asali ba. Masu kiwo ne a Maleziya da maƙwabtanta suka haɗa jinsi suka fitar da shi a shekarun 1990. Ya fi oska jure ɗumi, amma mafaɗaci ne na ƙarshe, shi kaɗai ake ajiye shi. Ƙaramin da ake nuna maka ba tabbas zai yi ƙullutun da ka gani a hoto, don haka kada ka biya kuɗin hoto.

Furontoza kuwa, mai ratsin baƙi da shuɗi, na zurfin Tafkin Tanganyika ne a Gabashin Afirka, inda ruwa bai cika wuce digiri 26 ba. Garke yake zama, girmansa a hankali, ga tsada. In ba ka da na'urar sanyaya ɗaki da inji ko sola da za su riƙe ta dare da rana, bar shi a hoton waya.

Abin da mutane ke mantawa shi ne karfasar da muke soyawa ita ma sikilid ce, kuma a nan kogin Neja take, ƙarƙashin gadar Kennedy. Ta saba da zafinmu, ta saba da sanyin hunturu, ba ta zaɓen abinci. Macen takan ɗauki ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka tsorata su ruga su koma bakin uwar. Wanda ya taɓa kallon wannan ta gilashi ba ya raina ta kuma. Aibinta biyu: launinta bai kai na baƙin kifayen nan uku ba, sannan haihuwa gare ta ba ƙaƙƙautawa. In ka samo mai rai wurin Sarkawa, ware ta a wani mazubi na 'yan makonni tukuna, kada ta shigo da ƙwayoyin cuta daga kogi. Ni dai ga mai farawa ita nake zaɓa, oska ya biyo baya.

Akwatin ma sai an duba. Mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50 shi ne lita 300, gilashinsa kada ya gaza milimita 10. Litar ruwa kilo ɗaya ce, in ka haɗa da yashi da gilashi nauyin ya doshi kilo 400, teburin falo ba zai ɗauka ba. Sa maƙeri ya yi maka ƙafafun ƙarfe, ka kafa shi nesa da taga.

Matatar ruwa iri biyu za a nuna maka. Rufaffiya da ke zama a ƙasan akwati ta fi tacewa, amma in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikinta sukan mutu, ta amayo ruɓaɓɓen ruwa da zarar ta tashi. Ta soso, wadda ɗan injin iska ke kaɗawa, arha ce, batiri ma ya ishe ta. Mai hali ya haɗa biyun. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya ɗauki manyan soso biyu da injin iska mai caji.

Duk mako ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, da ruwan famfo da ya kwana a buɗaɗɗen mazubi don warin kulorin ya fita. Abinci kuwa ƙwayoyin abincin kifi ne ginshiƙi. Oska na son fara, amma ɗanya ko busasshiya, ba soyayyar kasuwa mai gishiri da yaji ba.