Bindigar Farauta Maras Nauyi: Wacce Za Ka Saya?

Maharban da ke hawa duwatsun Amurka da Turai suna son bindiga maras nauyi, amma sauƙin ɗauka yana da kuɗinsa. Idan nauyi ya ragu, dukan kafaɗa yana ƙaruwa, bugun zuciyarka ma sai ya motsa saiti. Siririn bututu kuma yana saurin zafi, daga harbi na uku ko na huɗu harsashi ya fara kauce wa inda aka nufa.

A wurina Tikka T3x Lite, ƙirar ƙasar Finland, ita ce gaba. Nauyinta kusan kilo 3 ne babu madubin saiti (abin hangen nesa da ake ɗaurawa a kan bindiga), wato ba ta gajiyar da kai, ba ta kuma rawa a hannu. Kunamarta ana iya daidaita ta tsakanin kilo 1 zuwa 2, tana sakin harbi tsaf ba tare da jan ƙafa ba. Kar ka raina wannan: kunama mai tauri a kan bindiga maras nauyi ita ke janye baki gefe kafin harsashi ya fita. Ɗauki mai cin harsashin .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor. Wajen gwaji a mita 100, yi harbi uku, ka bari bututu ya huce, kuma ka riƙe gaban ƙotar da hannu, kar ka bar ta tana tsalle a kan buhun yashi.

Kimber Mountain Ascent ta fi Tikka rashin nauyi sosai, sai dai ga tsada ga rawa. Savage 110 Ultralite ba laifi. Duk maras nauyi mai cin harsashi mai ƙarfi na .300 Winchester Magnum kuwa, bar wa mai son ciwon kafaɗa.

Inda ake cutar mutane shi ne madubin saiti. Jabun madubin kamfanin Leupold sun cika intanet, kwali iri ɗaya, har da zobe mai ruwan zinariya da ke jikin na asali. Ranar farko lafiya lau, bayan 'yan harbi sai layukan ciki su goce, sanyin asuba ya sa gilashi ya yi hazo. Mai shi ya yi ta zargin bindiga, alhali madubi ne. Nemi lambar da aka buga a jikinsa, ka tabbatar da ita wajen kamfanin kafin ka biya. Araha ba ta ado. Zobban da ke riƙe madubin ma akwai na bogi, ƙarfensu laushi, kusoshinsu na kwancewa da kansu. Idan ɗan kasuwa ya ƙi ba ka rasit da garanti, juya ka tafi.