Hattara da masu sayar da 'yan kwikwiyo da "takardar DNA"

Jama'a, duk mai niyyar sayen karen gadi ta Facebook ko WhatsApp ya dakata kafin ya tura wa kowa kuɗi. Tun da rashin tsaro ya sa mutane a Abuja da Kaduna da Jos suka koma neman karnukan waje irin su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel, wasu 'yan damfara suka samo sabuwar hanyar cin kasuwa.

Za a turo maka hoton kwikwiyo kyakkyawa, a haɗa da wata takarda mai tambari da Turanci, wai sakamakon gwajin DNA ne daga Amurka, wato gwajin ƙwayoyin gado mai nuna asalin kare, an rubuta kashi 100 cikin 100 tsantsa, babu gauraye. Saboda takardar nan sai farashi ya ninka. A ce ka ba da kafin alƙalami, za a sa shi a mota ka karɓa a tasha. Wani ko karen ba zai gani ba. Wanda ya yi sa'a aka kawo masa, sai ya yi ta ciyarwa, bayan wata biyar ko shida ya ga jiki ya ƙi girma, kama ta sauya, lambar mai sayarwa kuma a kashe. Akwai kuma masu bin waɗanda suka riga suka mallaki kare, su ɗauki yawunsa, su karɓi kuɗi da lissafin dala wai za su aika waje, daga baya su turo takardar da suka haɗa a waya.

Abin da ya kamata a gane shi ne, ko da takardar ta gaske ce, shaida take yi wa karen da aka goga wa auduga a cikin kumatu aka ɗauki yawunsa don gwajin, ba wanda aka miƙo maka ba. Da takarda ɗaya ana iya sayar da kwikwiyo goma.

Shi kansa gwajin na gaskiya ba duba ba ne, kwatance ne. Ana karanta dubban wurare a ƙwayoyin gadon karen, sannan kwamfuta ta kwatanta su da samfuran karnukan da kamfanin ya tara a rumbunsa. Idan uwa da uba tsantsa ne, ko karen ruwa biyu ne kai tsaye, manyan kamfanoni kan dace. Amma idan gauraye ya kai kaka da kakan kaka, guntayen gadon sun yi ƙanana, sai lissafi ya koma kirdado. Shi ya sa idan ka ga an rubuta kashi 4 na wannan, kashi 6 na wancan, kada ka ɗauke shi da nauyi.

Can ma inda ake yin gwajin an sha kunya. A 2023 tashar CBC ta Kanada ta aika samfurin karnuka ga kamfanoni huɗu, amsoshin kare ɗaya suka dawo suna karo da juna. A 2024 wata 'yar jarida ta gidan talabijin na WBZ a Boston ta goga audugar a kumatunta, nata na mutum, ta aika. Wasu kamfanonin suka ce samfurin bai karantu ba, wanda shi ne daidai. Amma wani kamfani a Toronto ya aiko mata da cewa ita kashi 40 Alaskan Malamute ce, kashi 35 Shar-Pei, kashi 25 Labrador. Baiwar Allah tana zaune lafiya an mai da ita karya! A shekarar dai masu bincike na Jami'ar Colorado suka wallafa gwajin da suka yi wa kamfanoni shida da karnuka 12 da aka san asalinsu, inda suka haɗa wasu samfuran da hoton wani kare daban. Yawancin kamfanonin ba su ruɗu ba, amma amsoshin ɗaya sun fi bin hoton a kan yawun.

Karnukanmu na gida kuwa nasu ya fi rikitarwa. Yawancin nau'o'in da Turawa ke yi wa rajista ba su wuce shekara 200 da ware su ba. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ma a 1873 aka kafa ta. Binciken da Adam Boyko da abokan aikinsa suka fitar a 2009 ya nuna akasarin karnukan ƙauyukan Afirka da suka gwada asalinsu na nan ne, ba ɓurɓushin karnukan Turai ba ne. To idan kamfani bai da samfurin irinsu a rumbunsa, sai kwamfuta ta lanƙaya musu sunan wanda ya fi kusa. Ko Azawak, dogon karen Buzaye na Nijar da Mali da duniya ta sani, sai 2019 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Ni a ganina, wanda ya biya dala don a gaya masa asalin karen farautarsa ya yi asarar kuɗin da zai ishe shi allurar rigakafi.

In za ka saya, je da ƙafarka ka ga uwar tana tare da 'ya'yanta, ka nemi ganin uban. Tafi da likitan dabbobi naka, ba na mai sayarwa ba, ya duba lafiyar kwikwiyon da katin rigakafinsa, musamman na cutar fabo mai kashe 'yan kwikwiyo da amai da gudawar jini, ya kuma faɗa maka lokacin allurar haukan kare. Idan mai kaya ya kafe kan DNA, ka ce ya buɗe maka sakamakon a shafin kamfanin a gabanka, ba hoton takarda ba. Ya ce "Alhaji, ka yarda da ni kawai, wasu na jira," ka ce su ɗauka. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya adana rasit da duk hirar da suka yi, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda.