Shirin "saro da ziyara" zuwa Istanbul: saron ya yi, ziyarar ce da saura

Mu 'yan kasuwar Agege da ke zuwa Turkiyya sarin abaya, takalma da labule, da yawanmu yanzu ta hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Ikeja muke bi. Suna da shirin da suke kira saro da ziyara, wato biza, tikiti, masauki da ɗan rakiya duk a kuɗi ɗaya. Na bi su a tafiyata ta baya-bayan nan, kuma tun da na dawo mata ke tsare ni a shago suna cewa, "Hajiya, ya kika gan su?" To ga amsata.

A ɓangaren saro ba ni da ƙorafi. Biza ta fito a lokacin da suka ce, jirgin kai tsaye ne daga filin Murtala Muhammed, kusan awa 7 muka sauka. Otal ɗin a unguwar Laleli yake, tsakiyar shagunan sari, kina fitowa ga kaya ga masu kago. Ɗakin ƙarami ne amma tsaf. Yaron da suka haɗa mu da shi ɗan Kano ne mai karatu a can, yana jin Turkanci, kuma da ya ga mai shago na neman tsawwala mana sai ya ce, "Hajiya, mu ƙara gaba." Allah Ya yi masa albarka.

Ziyarar ce ta ɓata min rai. Wuni guda suka ware mata, kuma ba yaron nan ya kai mu ba, wani jagora ne daban wanda agogo kawai yake kallo. Ayasofya ginin da aka kammala tun shekarar 537 ne, ya yi kusan shekara 900 yana coci, Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da shi masallaci a 1453, daga baya ya zama gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da salla a ciki. Ƙubbarsa ta haura mita 50 daga ƙasa. Wuri irin wannan aka ce mu yi raka'a biyu mu fito. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6, wanda tayil shuɗi sama da 20,000 ya lulluɓe cikinsa, leƙawa kawai muka yi. A fadar Topkapi, ɗakin da aka ajiye kayan tarihin Annabi (SAW) da takubban sahabbai, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa, wata dattijuwa a cikinmu tana hawaye mutumin yana tafa hannu wai mota na jira. Motar kuma shagon jakunkunan fata ta kai mu, muka shafe fiye da awa biyu ana ba mu shayi. 'Yan kasuwa ne mu, mun san la'ada idan mun gan ta.

Abin da ya fi damuna shi ne babu masallacin Sulaimaniyya a jadawalinsu ko kaɗan, alhali daga Laleli da ƙafa ake zuwa, sai dai akwai hawa. Ni da abokiyar tafiyata muka je da kanmu bayan la'asar. Mimar Sinan ne ya gina shi wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, kuma a ganina ya fi duk waɗanda aka kai mu. Ba shi da cunkoso, haske na shigowa ta tagogi ta ko'ina, ƙubbar tana zaune kan manyan ginshiƙai huɗu amma ba ki jin nauyinta a kanki. An tsara iskar ciki yadda hayaƙin fitilun mai zai taru a wani ɗaki da ke saman ƙofa, a kankare kunkunniyar a yi tawada, kamar dai yadda almajirai ke haɗa tawadar allo da baƙin tukunya. Kewaye da shi akwai makarantu, asibiti, wurin wanka da ɗakin girki inda ake ciyar da talakawa. Kabarin Sulaiman da na matarsa Hurrem suna harabar, na Sinan ɗin kansa kuma ɗan ƙarami ne a wata kusurwa daga waje. Daga bayan masallacin kina hango ruwa da ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya. Muka ci wake da shinkafa a shagunan da ke gefen, muka sauko.

Kuma fa mu mutanen Legas muna da alaƙa da garin nan. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, dab da Balogun inda muke shiga kullum, a 1894 aka buɗe shi, kuma Sultan Abdulhamid na biyu ne daga Istanbul ya ba Muhammad Shitta sarautar Bey saboda gina shi. Kamfanin da ke ɗaukar mutane daga Legas ya kamata jagoransa ya san wannan ya faɗa.

Zan sake bin su don saro, amma zan ce a cire min kuɗin ziyara. Ki sayi Istanbulkart, katin biyan kuɗin sufuri na garin, ki hau tiram (jirgin ƙasan cikin gari) na layin T1 daga Laleli, zai sauke ki a Sultanahmet, unguwar da Ayasofya take, ko a Eminonu, inda za ki hau jirgin ruwa ki tsallaka Uskudar a ɓangaren Asiya. Ki lura Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar Kapali Carsi kuma ba ta ci ranar Lahadi.