Kwas ɗin Italiyanci na Marco Polo da Turandot: wata goma sun isa ɗalibin Sin ya zauna a lacca?

Duk shekara, wajen watan Nuwamba, azuzuwan koyon Italiyanci a Perugia da Siena da Milan kan cika da matasa 'yan ƙasar Sin, yawancinsu ba su san komai a harshen ba in ban da gaisuwa. Sun zo ne ta ɗayan shiri biyu. Marco Polo, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Italiya da Sin ta 2004, na masu son shiga jami'a ne. Turandot, da aka ƙara a 2009, na masu zuwa makarantun kiɗa da waƙa da zane-zane ne. Abin da ya sa shirin ya karɓu shi ne ɗalibi yana samun biza ba tare da ya iya harshen ba, da sharaɗin zai yi kwas na wata 10 ko 11 a cikin Italiya kafin karatunsa na ainihi ya fara. Wannan kwas ɗin muke dubawa a nan.

Ga yadda tsarin yake. Ɗalibi yana zaɓar makarantar da zai yi digiri da kuma inda zai koyi harshe tun yana gida, kusan shekara guda kafin digirin. Mai neman digiri na farko ta Marco Polo ana buƙatar ya sami aƙalla maki 400 cikin 750 a gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta Sin. Idan ya sauka, darussa suna ɗaukar sa'a 80 zuwa 100 a wata, wato sa'a huɗu ko biyar kullum daga Litinin zuwa Juma'a. A ƙarshe dole ya kai matakin B1, wato matsakaicin mataki, a ma'aunin ƙwarewar harsuna na Turai, ko da yake B2, matakin da ke sama da shi, ake so ya kai. Takardar shaidar iya harshen da aka fi sani guda huɗu ce: CELI ta Jami'ar Baƙi ta Perugia, CILS ta Jami'ar Baƙi ta Siena, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da ta jami'ar Roma Tre.

Ta fannin nahawu da karatu, kwas ɗin yana cika alƙawarinsa. Waɗannan jami'o'i biyu na baƙi ba jiya suka fara ba. Ta Perugia, da ke Palazzo Gallenga kusa da tsohuwar ƙofar gari ta Etruskawa, mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da, tun shekarun 1920 take koyar da baƙi. Ɗalibin da ya fito daga makarantar sakandaren Sin kuwa ya saba da hadda da yawan aikin gida, saboda haka jadawalin sarrafa aikatau ba ya ba shi tsoro. Sinanci ba ya sauya siffar aikatau don nuna lokaci ko mai aikatawa, ba ya raba suna namiji da mace, ba shi da ƙananan kalmomin da Italiyanci ke sawa kafin suna, irin su il, lo, la, gli. Duk da haka, cikin wata uku ko huɗu za ka tarar ɗalibi yana cike gurbi a takarda ba kuskure. Matsalar tana fitowa ne idan ya buɗe baki: sai ya koma ga siffa ɗaya ta aikatau, ya ce io andare (ni tafiya) maimakon vado (ina tafiya), ko ya yi amfani da passato prossimo a duk labarin da ya wuce, domin bambancinsa da imperfetto, ɗaya siffar lokacin da ya wuce, ba abu ne da hadda take warwarewa ba.

Furuci shi ne inda muke ganin an fi gajarta wa ɗalibai, kuma a nan ya kamata mai zaɓen makaranta ya tsaya ya yi tambaya. A Sinancin Mandarin, abin da ya raba b da p, ko d da t, ko g da k, shi ne fitar iska, ba karkarwar maƙogwaro ba. Kunnen ɗalibi bai saba da bambancin Italiyanci ba, shi ya sa basta da pasta suke zo masa kusan ɗaya, haka quando da quanto. Sai r mai kaɗa harshe, wadda takan koma l. Sai kuma baƙi mai nauyi: pena da penna, caro da carro, nono da nonno, sete da sette. Bahaushe da ke cewa hannu da sannu kullum ba zai ga abin wahala a nan ba, amma wanda harshensa ba shi da irin wannan nauyin sai an horar da kunnensa kafin bakinsa. Akwai kuma tarkon pinyin, rubutun Sinanci da haruffan boko: ɗalibi ya riga ya saba karanta c da q da z da wani sauti daban, sai ya ɗauko shi ya ɗora wa Italiyanci. Maganin duk wannan sananne ne, minti goma sha biyar na shifta da sauraron kalmomi masu kama da juna kowace rana a wata biyun farko, a ɗauki muryar ɗalibi ya saurari kansa. Idan aka bari sai wata na shida, kuskuren ya riga ya zauna. Inda manhaja ta ware wa furuci sa'o'insa na musamman, bambancin a bayyane yake. Inda aka bar shi ga ganin damar malami, shi ake fara yankewa idan jarrabawa ta matso.

Babban rauni na biyu ba laifin malami ba ne, tsarin ne ya haife shi. Tunda ɗaliban suna isowa tare, matakinsu ɗaya, sau da yawa aji kan zama Sinawa zalla. Da an tashi sai Sinanci ya dawo: a gidan haya, a wurin cin abinci, a manhajar hira ta WeChat. A garuruwa irin su Milan, mai unguwar Via Paolo Sarpi, ko Prato, inda 'yan asalin birnin Wenzhou na Sin suka daɗe da kafuwa, mutum zai iya yin cefane, ya yi aski, ya sami ɗaki, bai furta kalmar Italiyanci ko ɗaya ba. Sa'a 900 a aji ba za su yi aikin da ya kamata ba idan sauran yinin duk a wani harshe ake yin sa. Ƙananan garuruwa kamar Perugia da Siena sun ɗan fi ta wannan fuska, musamman idan makaranta tana haɗa azuzuwa da sauran baƙi bayan watannin farko, ko tana haɗa kowane ɗalibi da ɗan Italiya mai koyon Sinanci su riƙa musayar hira.

To, B1 ɗin fa, ta isa? Don hulɗa da mai gidan haya da likita, ta isa. Don lacca, a'a. Malamin jami'a a Italiya yana magana da saurin da ya saba, ba ya jiran kowa, kuma jarrabawa da yawa ta baka ce: ɗalibi ya zauna gaban farfesa ya amsa tambayoyi, a ba shi maki cikin 30, sai ya sami 18 ya tsallake. Wanda ya ci B1 da ƙarfin cike gurbi, nan ne asirinsa yake tonuwa. 'Yan Turandot suna da tasu damuwar. Mawaƙin opera yakan zo da baituka masu yawa a ka, amma harshen waɗannan waƙoƙi tsoho ne, ba wanda yake magana da shi a titi. Mai zane kuma a jarrabawar shiga makaranta za a ce ya bayyana aikinsa da baki, kuma kalmomin tarihin zane ba sa cikin littafin matakin farko. Kwas mai kyau yana ware watanni biyu ko uku na ƙarshe ga harshen fannin da ɗalibi zai karanta; wanda bai yi haka ba, rabin aiki ya sayar.

Game da jarrabawa, a lura da tsarin CILS: sassa biyar ne, sauraro, karatu, nahawu, rubutu da magana, kowanne maki 20, kuma sai an sami 11 a kowane sashe. Ba a rufe faɗuwar sauraro da yawan makin nahawu. Wanda ya faɗi sashe ɗaya zai iya maimaita shi kaɗai daga baya, sai dai lokacin rajistar jami'a ba ya jira.

Hukuncinmu: kwas ɗin ya cancanci kuɗinsa ga wanda ya iso da A2, matakin da ke ƙasa da B1, a hannu, ya yi watanni yana koyo a gida kafin tafiya, domin shi ne wata goma za su iya kai wa B2. Wanda ya fara daga sifili zai fi yiwuwa ya tsaya a B1, ya shiga shekarar farko yana fama. Kafin a biya, a tambayi makaranta mutum nawa ne a aji, yaushe ake haɗa azuzuwa, sa'a nawa aka ware wa furuci da harshen fanni, kuma wace shaida makarantar digirin take karɓa, don wasu ba sa amsar ƙasa da B2. A kuma tambaya ko akwai mai taimakawa da takardar izinin zama, wadda dole a nema ta gidan waya cikin kwanakin aiki 8 da sauka, a lokacin da ɗalibin bai iya karanta fom ɗin ba tukuna.